Farar Rigar Kawu Mai Famfo

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran famfo ne, kuma babu mahalukin da ya shiga tankin baftisma na cocin matarsa kamar yadda shi ya shiga. Matsalar ita ce, kusan duk shigar da ya yi, tankin a bushe yake. Wannan shi ne baƙin cikin matar tasa, Mama Tela mai keken ɗinki, tun ina ɗan makaranta har yau da furfura ta fara yi mini sallama.

Gajere ne, mai tumbi, kullum da sifana a aljihu, har ranar Lahadi. Ba ya iya wuce famfo yana ɗiga. Idan ya je gaisuwa gidan mutane, kafin a gama tambayarsa iyali ya riga ya kara kunne a bango yana cewa, "Ku yi shiru, akwai inda yake yoyo." Amma ruwan da ya wuce gwiwa, Kawu ba ya shiri da shi. Ya ce shi ruwa a cikin bututu yake so, ba shi a cikin ruwa ba.

Coci biyu ne a layinsu. Na bakin titi yana da ƙararrawa, can Kawu yake zuwa. Su suna yi wa jarirai baftisma, a yayyafa ruwa a goshi, kuma suna koyar da cewa Allah ne yake fara aikin ceto, shi yake kira, shi yake riƙe mutum har ƙarshe. Na ƙarshen layi yana da tankin siminti mai matakala a bayan bagade, wurin tsayuwar Fasto, can Mama Tela take. Su kuwa sai mutum ya yi hankali, ya tuba, ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya. Kuma a wurinsu, wanda ya yi sake yana iya ja da baya har ya rasa abin da ya samu.

Kowace Lahadi tare suke fita, ya riƙe mata jaka har bakin ƙofa, shi ya yi dama, ita ta yi hagu. Da rana a haɗu a tebur, a buɗe shari'a.

"Baban yara, abin da aka yi maka kana jinjiri, ka ma san an yi?"

"Ke kin san lokacin da aka haife ki? Amma ai ga ki nan, har kina hana ni cin abinci."

"Ceto ba gado ba ne. Sai mutum ya karɓa da kansa, ya kuma riƙe da kyau."

"Mai Keke, in da riƙona ne, da tuni ya faɗi. Ni da mabuɗin gida ma yake gagara ta? Wanda ya fara aikin shi yake riƙe da ni."

"Wato ka miƙe ƙafa ke nan."

"Wato na gode ke nan. Miƙo gishiri."

Tun shekarar aurensu ta ɗinka masa farar rigar baftisma. Duk lokacin da cocinsu ya sa ranar baftisma, sai ta fito da ita, ta wanke, ta goge, ta zagayo bayansa yana cin abinci ta ɗora masa tef ɗin awo a ciki. Tumbin Kawu kuma ba ya jiran kowa. Haka ta riƙa farke gefe tana ƙara ƙyalle, har rigar ta zama tarihin tumbinsa, fari iri-iri, wani ya dafe, wani sabo fil.

Mu yara dariya muke yi. Sai da na girma na gane ba wasa take yi ba. Wata rana bayan ta dawo daga jana'izar ƙawarta, na same ta a gaban keke, ba ta ɗinka komai.

"Kana gani kamar musu nake so," in ji ta. "Tsoro nake ji. In isa can, in duba dama, in duba hagu, babu shi. To wa zan yi wa faɗa?"

Da na kai wa Kawu maganar, yana kwance a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na wani gida, ƙafafunsa kawai nake gani.

"An haife ni ba lafiya," in ji shi daga ciki. "Kowa ya ce ba zan yi rai ba. Kakarka ta goya ni, jikinta bai ma warware ba, ta kai ni aka sa mini ruwan nan, ta ce ko ya tafi ko ya zauna, na Allah ne. In na shiga tankin can, na ce wa uwata wahalar banza ta yi. Ba ni ƙaramar sifanar nan."

Haka aka yi ta tafiya, har wata Lahadi ta baftisma. Ina cocin Mama Tela a ranar, don ni duk inda aka yi mini alkawarin abincin rana, nan imanina yake ƙarfi. An cika tanki, masu baftisma sun yi layi cikin fararen kaya, matashin Fastonsu ya riga ya shiga ruwa har ƙirji. Sai aka ga ruwan yana sauka a hankali. Murfin magudanar da ke ƙasan tanki ya saki. Fasto ya taka shi da ƙafa, bai tsaya ba. Mama Tela ta miƙe da kanta, ta je ta fito da mijinta daga tsakiyar wa'azin cocinsu.

Kawu ya iso yana huci, ya leƙa tanki, ya dubi matarsa.

"A kwashe ruwan tukuna."

"A kwashe, a yi musu baftisma da me? Da gumi?"

Ya naɗe wando, wanda bai amfane shi da komai ba, ya fara sauka yana riƙe da bango. Ruwa ya kai masa wuya. Ya sunkuya yana lalubo murfin da hannu, sai ƙafa ta zame a kan siminti. Tsulum! Babu Kawu. Hularsa kawai ke yawo a kan ruwa.

Na ga Mama Tela ta dafe ƙirji, bakinta yana motsi. Fasto ya nutsa hannu biyu, ya damƙo kwalar riga, ya ɗago shi sama.

To, mawaƙan cocin nan suna da sabo guda. Da zarar Fasto ya ɗago mutum daga ruwa, sai waƙa. Ba sa tambaya. Mai ganga ya buga, mawaƙa suka ɗauka, mata suka miƙe suna tafi, na baya da ba su ga abin da ya faru ba suka fara shelar mijin Mama Tela ya karɓi ceto. Kawu yana tari, ruwa yana zuba ta hanci, ya ɗaga sifana sama ya ce, "Na ɗaure shi!" Aka ƙara ihu.

Ya fito yana rawar sanyi, kayansa sharkaf. Busasshen tufa ɗaya ne a ginin nan da zai shige shi, yana cikin jakar matarsa, don kowace ranar baftisma tana zuwa da shi, ko Allah zai sa. Haka Kawu ya taka layin nan cikin farar riga mai faci, takalma a hannu, daidai lokacin da cocin ƙararrawa ya tashi. Fastonsu, wani tsoho, yana bakin ƙofa yana sallamar jama'a. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

Da yamma fastocin biyu suka haɗu a falon Kawu, kowa ya zo duba tunkiyarsa. Mama Tela ta kawo musu shayi, ta zauna a bakin kujera.

"Ni dai na gani da idona," in ji ta. "Ya nutse duka, hula kawai ta rage. Hannun Fasto ne ya ɗago shi. An yi waƙa. Me ya rage?"

Matashin Fasto ya yi gyaran murya. "Mama, ba a ƙirga wannan. Bai zo da niyya ba, ban tambaye shi komai ba, bai furta komai ba. Kuma ba ruwan ne yake ceto ba, bangaskiya ce. Ruwa shaida ne."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Ni ma ban ƙirga ba. Wanda aka yi wa sau ɗaya ba a sake masa. Wanka ya yi."

"Oho! Shekara da shekaru ba ku taɓa yarda da juna ba, sai yau, a kan mijina?"

Suka shanye shayi da sauri, suka yi sallama, suka fita suna ci gaba da musu a kan titi.

Falo ya rage mu uku. Kawu yana atishawa cikin farar rigarsa. Sai muka ga Mama Tela tana share ido da bakin zane.

"Da ka nutse," in ji ta, "ban tuna da baftisma ba. Cewa kawai nake yi, Ubangiji ka riƙe shi, ka riƙe shi."

"Ka ji, ɗana? Ta shigo cocinmu," in ji Kawu yana dariya.

"Kar ka raina mini hankali, Mai Famfo."

Ya matso kusa da ita, ya daina dariya. "Abin nan da Fastonki yake tambayar mutane a cikin ruwa. Tambaye ni."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. Ta ce, "Ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, shi ne mai cetonka?"

"Na ba da. Tun kafin in san ki. Da na san ki kuma sai na ƙara ƙarfi, don na ga ina bukatar taimako."

Ta kai masa duka da tef, tana kuka tana dariya. "Duk shekarun nan, me ya hana ka faɗa?"

"Awon cikina kike yi, Mai Keke. Ba ki taɓa tambaya ba."

Har yau ba su daidaita a kan ruwa ba. Ita ta ce da saura, shi ya ce an gama tun yana goye. Lahadi shi ya yi dama, ita ta yi hagu. Amma ta daina zuwa coci da rigar, kuma ban sake samun ta zaune a gaban keke ba ta ɗinki ba. Rigar ta zama ta barcin Kawu. Ta ce in kira ya zo ba shiri, aƙalla a same shi da kayan kirki. Makon jiya ma na tarar da ita tana ƙara mata ƙyalle a gefe, don tumbin dai har yanzu bai tuba ba.