Zanen Hular Inna

Inna ta fi shekara talatin tana ɗinkin hula. A ƙauyenmu, gabas da Ɗambatta, kusan kowane gida akwai mai riƙe allura, amma mai zane ɗaya ne tal, wani dattijo da ke zama a zaurensa da biro kala uku da ɗan katako a cinya. A kai masa farin ƙyalle, ya tambaya wace ce za ta ɗinka, sannan ya zana. Na daɗe ina ɗaukar tambayar nan a matsayin son jin ƙwaƙwaf kawai.

Bara da rani, wani abokin aikina a firamaren da nake koyarwa ya nuna min manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka faɗa mata abin da kake so ta zana maka. Na ce ta yi min zanen hula. Kafin in gyara zama ta fito da guda huɗu. Sun yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Layuka sirara, gidajen zanen ƙanana ƙanana a jere, baƙi na shiga cikin shuɗi. Ni kuma ina da wani hali: in na ga sabon abu, sai na kai shi gida na nuna wa mutane cewa an bar su a baya. Ranar kasuwa na buga ɗaya a takarda, na zauna na kwafe shi a kan ƙyalle, na miƙa wa Inna.

Ta juya shi, ta ce, "Kai, wannan kuma aikin wa?"

Na ce, "Waya ce ta yi, Inna."

"To, Allah ya yi wa wayar albarka."

Kwana tara tana fama da shi. Ta janye tabarmarta daga gindin darbejiya ta koma cikin rana tsaka. Ta ɗinka, ta warware. Ta ce allurar ce ba ta da kyau, aka sayo wata. Ta ce zaren yanzu duk algus ne. Ni na ɗauka hannuna ne ya karkace wajen kwafa, don haka na ɗauki takardar na tafi wurin dattijon ya kwafe min da kyau.

Ya daɗe yana duban ta. Ya ce, "Wanda ya yi wannan ya iya. Wa za ta ɗinka?"

"Inna."

"Shi mai zanen bai tambaye ka ba?"

"Na'ura ce, Baba."

Ya ajiye takardar. "Shekara shida ke nan ina buɗa wa mahaifiyarka gidajen zane, kaɗan kaɗan, kowace hula. Baƙi da shuɗi kuwa na daina haɗa mata su wuri ɗaya. Idonta ya ragu. Ba ta sani ba, ni kuma ban ga amfanin ta sani ba."

Na ji kunya ƙwarai. Ya ɗauko sabon ƙyalle ya zana mata irin nata, ina zaune.

Na kai mata na ce ta bar na wayar, ya cika tarkace. Inna ba ta karanta boko ba, amma ba a yi mata wayo a kan hula. Ta shimfiɗa ƙyallayen biyu gefe da gefe, ta riƙa auna gidajen da kan allura, na nan, sannan na can. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wata tsohuwar hular marigayi mahaifina, ɗinkinta na dā, ita ma ta auna.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na faɗa mata.

Ta naɗe na wayar tukuna. "Wannan ka kai wa matar ƙaninka, idonta da sauransa." Sannan ta turo min na dattijon. "Wannan kuma ka mayar masa. Ka ce na gode, Allah ya saka da alheri, amma ni ba na ɗinkin tausayi."

Ban mayar ba, yana cikin akwatina. Ita kuma ba ta sake aike na gidan mai zane ba.