Ranar da Inna ta ce ita ce shugaba

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da aka tafi da Inna ba, domin da hannuna na rubuta takardar da ta jawo.

A shekarun sittin ne, muna zaune a unguwar Hindawiyya, a birnin da Ɗakin Allah yake. Ban daɗe da zuwa daga Sudan ba, inda na yi sakandare, kuma a lokacin gani nake duk wanda bai iya riƙe alƙalami ba ɓata mini lokaci yake yi. Inna ba mahaifiyata ba ce, haka dai kowa ke kiran ta. Tsohuwa ce siririya mai wankin kayan alhazai. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta kuma taɓa nema ba. Cewa take, "Ɗakin Allah na zo, me ya haɗa ni da hatimin wani?" Bayan Ubangiji, ba ta yarda akwai mai iko da wuyan wani ba, sarki ne, mai unguwa ne, ko miji. Matar da miji ya lakaɗa wa duka ɗakin Inna take gudowa. In ya biyo sawu sai ya tarar da mata cike da ƙofa suna tsintar shinkafa, ba mai tanka masa, ba mai matsawa.

Mata masu wanki a tsakar gidanta suke taruwa, kuma ba su da shugaba. Kowa ta faɗi nata, a yi ta ja har a daidaita. Wata ta taɓa ce mata shugaba, ta zabura ta ce, "A'uzu billahi! Kin ga rawani a kaina?"

Damuwarmu ruwa ce. A bazan, wato famfon unguwa, 'yan garuwa ture mata suke yi, sai mace ta yini ba ta cika gwangwani biyu ba. Dabarar Inna ita ce mu tafi gaba ɗaya, mu jera gwangwanayenmu, mu zauna. Wata rana a samu, wata rana a sha zagi. Ni kuwa haƙurina gajere ne.

Na ce, "Inna, wannan wahalar banza ce. A rubuta koke, kowa ta dangwala yatsa, a yanka mana lokacinmu."

Ta ce, "Ke 'yar madarasa, yau in askarawa suka zo wa za su kama? Ba su san mu ba. Ranar da kika rubuta mu, kin miƙa mu."

Na ce tsoro ne kawai. Ta ce, "Halas, shi ke nan, na dai faɗa miki."

Sai na zagaya ta bayanta. Gida gida na bi, ina rubuta sunaye, mata na dangwala yatsa. Ko sau ɗaya ban tambayi wace ce ke da iƙama ba, saboda ni ina da tawa. A saman takardar har na rubuta "ƙungiyar mata masu wanki" da Larabci mai kyau, na kai inda ake kai koke, na dawo ina jin kaina.

Bayan aikin hajji, lokacin da ake kwashe marasa takarda, askarawa suka same mu a bazan da hantsi. Takardata ce a hannun babbansu. Ya fara kiran sunaye, mata na sunkuyar da kai. Sai ya tsaya ya ce ƙungiya ba ta rasa shugaba, wace ce?

Ni ya kamata in tashi. Wallahi na kasa.

Inna ta miƙe tana goge hannu a zaninta. Sunanta ma ba ya ciki. Ta ce, "Ni ce shugabarsu. Ni na sa aka rubuta. Waɗannan ko alif ba su sani ba, ce musu na yi takardar rabon sadaka ce." Ya ce ta kawo iƙama, ta yi dariya. Da ya ga ya sami shugabar, sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce a tafi da ita.

Da za a wuce da ita ta dube ni ta ce, "Rubutunki da kyau, ya binti. Ki shanya mini wankin can, na mutane ne, kar ya yi wari."

An ce Jidda aka kai ta, aka sa ta a jirgin ruwa. Inda aka sauke ta ba wanda ya sani, kuma ta taɓa gaya mini ba ta da kowa a gida. Mata suka daina taruwa, kowa na tsoron takardar nan ta aljihu. Wasu suka koma unguwar Mansur, wasu Jarwal. 'Yan garuwa suka ci gaba da turewa. Matar da aka daka kuwa ta rasa ƙofar bugawa. Ba wadda ta taɓa ce mini ke ce, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Na shanya wankin, na ninke, na kai wa masu shi. Abin da na iya yi mata ke nan. Tun daga ranar na gane cewa kafin ki rubuta sunan mutum don ki taimake shi, ki fara tambayar kanki wa zai karanta, kuma wa za a tafi da shi.