Uwar Asabar da Takardun da Ta Ƙi Sa wa Hannu

Ranar Asabar, lokacin da sauran ma'aikatan jami'a suke juyi a kan gado, ita ƙarfe bakwai a bakin wani dogon gini take yi mata, can bayan ɗakin karatu, da tarin makullai a hannu. Takan fara da buɗe tagogi, ta gwada fankoki ɗaya bayan ɗaya, ta liƙa jadawalin ranar a jikin ƙofa. Daga nan ta shiga ofishinta, wanda tebur ɗaya da kabad biyu suka cinye, ta ɗauki waya ta bi malaman ranar da kira. Ba ta taɓa ce wa malami kada ya makara ba. Gaisuwa kawai take yi, ta tambayi iyali, shi kuwa ya san inda aka dosa.

Kafin takwas ɗalibanta sun fara shigowa, kuma ba yara ba ne. Ga ma'aikaciyar jinya da ta sauko daga aiki ko farin takalmi ba ta cire ba, ga mai duba gine-gine da siminti a ƙafar wando, ga shugaban makarantar firamare mai furfura wanda rabonsa da jarrabawa shekara ashirin. Su ne suka raɗa mata Uwar Asabar, sunan ya bi ta har gida. Maigidanta, tsohon direban motar asibiti, yakan ce shi dai matar kwana shida ya aura, ta bakwai ɗin ta jami'a ce.

Ba farfesa ba ce, ba ta taɓa tsayawa gaban allo ba. Ita ce jami'a mai tsara kwasa-kwasai a sashen ƙaro ilimi na ma'aikata, inda masu aiki suke dawowa su wasa abin da ya dakushe. Shekara ashirin da shida ta yi a kan kujerar, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya.

Da ta zo sashen, abin da ake yi shi ne a ɗauko manhajar 'yan digiri a matse ta cikin wata uku. Aji yakan cika a makon farko, a na uku sai kujeru. Malamai suka ce ma'aikata ba sa son karatu. Ita ba ta musa ba, sai ta sayi littafin rubutu ta shiga gari. Ta zauna a kan bencin asibitoci, ta tsaya a wuraren gini, ta shiga ofisoshi, tambayarta ɗaya: mene ne yake ba ku wahala a aikin nan? Abin da ta jiyo shi take kai wa malaman sashen da abin ya shafa, su rubuta manhaja, ta mayar wa masu aikin su duba, sannan a kai gaban kwamitin jami'a. Akwai manhajar da ta yi wannan safa da marwa sau huɗu kafin ta zauna. Da ta gane ma'aikatan jinya ba duka suke samun hutu a rana guda ba, sai ta roƙi malaminsu ya riƙa maimaita darasin Asabar ranar Laraba. Aji ya cika, bai kuma sake raguwa ba. Ashe gemu ba ya hana ilimi, sai dai jadawali ya hana.

Amma abin da ya sa muka ɗauki biro yau ya faru ne shekara tara da suka wuce. An buɗe kwas na masu gwajin jini na ƙananan asibitoci, mutum talatin da biyu. Manhaja ta ce sau takwas za su shiga ɗakin gwaji, su shafa jini a kan gilashi, su rina shi, su duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta a gaban malami. Wanda aka ba kwas ɗin babban farfesa ne, masanin da ba a ja da shi, sai dai mutum ne mai yawan tafiya. Wata uku suka ƙare, ya aiko da sakamako: kowa ya ci. Saura sa hannunta kaɗai, takardun shaida su fita.

Ta jawo rajistar ɗakin gwaji ta buɗe. Sau biyu aka shiga. Ta sake dubawa, ko idonta ne, biyun dai ne. Ta rufe fayil ɗin ta sa a kabad.

A cikin mutum talatin da biyun nan har da ƙanenta, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda duk gida ake kira Auta ko da yake 'ya'yansa huɗu. Shekara goma sha huɗu yana aiki a wani ƙaramin asibiti ba ƙarin girma, kuma takardar nan ita ake jira ya miƙa kafin ƙarshen wata. Ita da kanta ta matsa masa ya shiga kwas ɗin.

Shugaban sashe ya kira ta ya ba ta shawara ta bar kaza cikin gashinta. Ya tuna mata cewa akwai kujera babu kowa a ɗakin ajiye tsofaffin fayiloli, kuma ba wuya a mayar da mutum can. Washegari farfesan ya zo da kansa. Bai zauna ba.

Ya ce, "Malama, sa hannuna kike shakka?"

Ta miƙe tsaye ta ce, "Ranka ya daɗe, ni wace ce da zan yi shakkar sa hannunka? Nawa nake tsoro. Manhaja ta ce takwas, rajista ta ce biyu. Mutanen nan kuwa ranar Litinin jinin 'ya'yan mutane za su duba."

Ya dube ta, ya dubi rajistar, ya juya ya fita. Ta rufe rajistar ta koma kan kujerarta.

Na gida ya fi zafi. Auta ya zo ya ce shekara goma sha huɗu yana duba jini, babu abin da Asabar shida za ta koya masa, kuma bai taɓa zaton yayarsa ce za ta tare masa hanya ba. Ya kai ƙara wurin mahaifiyarsu. Tsohuwa ta aika aka kira ta, ta yi mata faɗa sosai, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uwar Asabar ta sunkuyar da kai har aka gama, sannan ta ce, "Inna, in ke ce kika kwanta, wa kike so ya duba jininki, mai takarda ko wanda ya iya?" Tsohuwa ta ce to ita dai in ta kwanta kada a kai ta wurin Auta sai ya ci jarrabawar yayarsa. Kowa ya yi dariya ban da Auta.

Magana ta kai gaban kwamitin jami'a. Ba ta je da dogon jawabi ba, ba ta kuma aibata kowa ba. Rajista ta ajiye a kan tebur, tare da takarda ɗaya mai nuna yadda za a cike Asabar shidan da suka rage. Domin ba ta tsaya ga ƙin sa hannu kawai ba. Ta riga ta je gidan tsohon shugaban ɗakin gwajin, wani dattijo da ɗalibai suke kira Baba Madubi, ta roƙe shi ya dawo daga ritaya na mako shida. Ta bi asibitoci goma sha ɗaya da ƙafarta tana roƙon shugabanni su sake sakin ma'aikatansu. Kwamiti ya amince, ko da yake an ce da ƙyar.

Ɗalibai suka dawo suna cika suna batsewa, wasu ko gaishe ta ba sa yi. A Asabar ta farko Baba Madubi ya jera wa kowa gilashi ashirin ya ce a karanta. Mutum tara suka kasa, Auta a cikinsu. Dattijon ya sa shi ya rina jini a gabansa, nan take ya ga inda gizo yake saƙa: ba ya tace ruwan rinin, sai ya bar ɗige-ɗige a kan gilashi, shi kuma ya ɗauke su ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro. Shekara da shekaru haka yake yi, ba wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya duba. Auta ya zauna a kan kujera ya dafe kai. Ya fara tuno fuskokin mutanen da ya rubuta wa cutar da ba su da ita.

A Asabar ta huɗu, ba sanarwa, sai ga farfesa. Ya cire kwat ya rataye, ya naɗe hannun riga, ya bi tebur-tebur har la'asar. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta jira ba. Amma ya dawo ta biyar, ya dawo ta shida.

Duka talatin da biyun suka ci daga baya, sai dai wa'adin ƙarin girma ya riga ya wuce Auta. Wata biyar bai taka gidanta ba, kuma maigidanta ya ce a watannin nan ta rame har zobe yana zame mata. Ran nan da hantsi sai ga shi a ofishinta da farar rigar aiki. Ya ba ta labarin wata yarinya da aka kawo asibitinsu, an yi mata maganin zazzaɓin sauro har sau biyu ba sauƙi. Ya duba jininta da kyau, ya gaya wa likita babu ƙwayar ko ɗaya, a nemi ciwon a wani wuri. Aka bincika aka samu a ƙoda yake, aka yi magani, yarinya ta koma makaranta.

Ya ce, "Yaya, da bara ce aka kawo ta, da na rubuta akwai."

Ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Ta tambaye shi lafiyar yara, ta ce ya gaida matarsa, sai da ya fita ta rufe ƙofa ta share hawayenta. Shekarar da ta biyo ya samu ƙarin girmansa, yanzu shi yake koya wa sababbi tace ruwan rini.

Tun daga wannan lokaci jami'ar ta kafa doka: babu takardar shaidar da za ta fita daga sashen sai an haɗa da rajistar aikin hannu, sai kuma wani masani daga waje ya zo ya gwada ɗalibai. Dokar tana nan a shafi na goma sha biyu na kundin sashen, babu sunanta a ko'ina.

To mu mun sani. Ke ce ginshiƙin da baƙo ba ya yaba wa, sai rufin da kike ɗauke da shi. Ke ce kika nuna mana cewa takardar shaida alkawari ce da jami'a take yi wa mutumin da bai taɓa shiga jami'a ba: mara lafiyan da ya miƙa hannu a ɗebi jininsa, da mai haya a saman bene, da yaron da ke zaune a aji. Kin so ƙanenki son da ya fi na baki, kin yarda ya yi fushi da ke don kada ya ci gaba da kuskure.

Mun gode, Uwar Asabar. Ma'aikatan jinya sun gode, masu gini sun gode, har waɗanda ba su san da ke ba sun ci moriyarki. Allah ya ba ki lafiyar hutawa, ya saka miki da mafificin alheri, ya ba wadda za ta gaje ki irin zuciyarki.

Mu kuma da muka rage a kan kujeru, manya da ƙanana, kowa akwai ranar da za a ajiye masa takarda a gaba, a miƙo masa biro, a ce ba komai, sa hannu kawai. Ranar nan in ta zo, kada mu yi gaggawa. Mu ce a kawo rajista tukuna.