Shekarar da Aka Wanke Mini Tukwane

Matar nan ta bar ni shekara guda cur ina yawo da sunan mai barbaɗe, alhali kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta wanke ni. Har yau ban ce na yafe wannan ba.

Ni haifaffiyar Jidda ce. Kakata ce ta zo hajji ba ta koma ba. Girki ne sana'ata tun ina budurwa, karatu kuwa sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manya, shi ya sa nake rubutu yadda nake magana. Mai girki a gidajen masu kuɗi na unguwar Abhur ba ta da wata shaida sai sunanta. In aka ce hannunki da tsabta, gida ya miƙa ki ga gida. In aka ce kina zuba wa masu gida magani a abinci, shi ke nan, ko wanke-wanke ba mai ba ki.

Gidan da na samu na wasu baƙi ne. Mijin injiniya ne a tashar jiragen ruwa. Matar, wadda nake kira Madam, daga Faransa ta zo, amma iyayenta mutanen Maroko ne, tana irin Larabcinsu mai haɗiye rabin kalma. Ban ga sallaya a gidan ba, ban ga gicciye ba. Nama ba ya shiga kicin, sai kifi da ganye. Na ɗauka tsoron ƙiba ne irin na Turawa.

Ban daɗe da kama aiki ba azumi ya shigo. Ana dab da raba watan, na zo da safe na tarar ta ɗaura ɗankwali ta rarake mini kicin. Fulawa, taliya, yis, shinkafa, burodin tamis da na sayo jiya, duk ta jibge a kwali. Ta ɗora babbar tukunya, tana tsoma cokulana da ludayina cikin tafasasshen ruwa ɗaya bayan ɗaya. Har kan dakalin da nake murza ƙulli sai da ta kwarara wa ruwan zafi. Da na miƙa hannu zan taya ta, ta ce, "A'a, Hajja, bari, ni zan yi." Ta share 'yan gutsattsarin burodi ta kai bayan gida ta cinna musu wuta. Mako guda da ɗoriya ita ta dafa abincinsu, suna ci da wani busasshen burodi mai kama da kwali, wanda ta fito da shi daga akwatinta.

A wurinmu wannan ba ya bukatar fassara. Wanda ya ƙona ragowar abincinki, ya tafasa cokalinki, ya ƙi cin na hannunki, zarginki yake.

Direban gidan Bahaushen Sudan ne, mai dogon wuya da dogon baki. Shi aka ba kwalin ya fitar.

"Hajja," ya ce, yana leƙa ciki, "me kika zuba a fulawar nan? Faɗa mini in san ta inda zan riƙe."

"Riƙe ta inda uwarka ta koya maka."

"Ni dai tambaya na yi. Ƙanwar matata ma ta iya girki, ita ba a taɓa tafasa mata cokali ba."

Nan na gane inda ya dosa. Kafin sallah maganar ta isa Khumra, unguwarmu. A gidan suna na zuba wa wata tuwo, ta ce ta ƙoshi, sannan na gan ta tana ci a kwanon maƙwabciyata.

Na so in ajiye aikin, amma in na tafi a lokacin, na tabbatar da maganar ke nan. Sai na zauna na zuba ido. Madam ta dawo cin girkina kamar ba a yi komai ba, har tana yaba miya. Ni kuwa na ce a raina, wannan dabara ce, tana jira ta kama ni.

Da zafi ya kai zafi, ranar tara ga Muharram, ina azumin Tasu'a, na haɗa mata karin kumallo ta ce in ɗauke. Na leƙa falo na gan ta zaune a ƙasa ba takalmi, kujeru ga su nan, tana karanta wani ƙaramin littafi fuska a murtuke. Ko ruwa ba ta sha ba har magariba. Na ce ko 'yar Shi'a ce take ɓoyewa? Amma washegari, ranar Ashura, ta ci abincinta ta ƙoshi. Na ce ko mutuwa aka yi mata? Ba wanda ya kira waya. Direba ya ce, "Ta sake ƙin na hannunki, ko? Allah ya kyauta."

A watan Mauludi abubuwa suka taho a jere. Da tsayuwar wata ta sa na sayo tuffa da zuma da rumman, ta dangwala ta miƙo mini yanka guda. Na karɓa, na jefa a shara da ta juya baya. Ba a jima ba suka sa fararen kaya ita da mijin, suka rufe ɗaki tun faɗuwar rana har wata faɗuwar, ba ci ba sha, ba ko kunna fitila. Kifin da na gasa ya kwana ya wuni. Kafin in gama jin haushin wannan, mijin ya hau saman bene ya kafa rumfa da rassan dabino, suka koma cin abinci a ciki. Gida mai na'urar sanyi a kowane ɗaki, mutum ya zaɓi zama cikin gumin Jidda da sauro! Ni ke hawa da tire ina sauka, gwiwoyina na ƙara.

A nan zargina ya juya. Na fara cewa ko ba ni ake zargi ba, ni ake yi wa asiri. Da sanyi ya ɗan shigo, ta riƙa kunna kyandir da magariba a bayan labule, kullum ta ƙara guda, na ce shi ke nan, bokanta ya ba ta adadi. Na koma karanta Falaƙi da Nasi kafin in taka kicin.

Abu guda na lura: duk abinta da wata yake tafiya, tsayuwarsa ko cikarsa. Don haka da azumi ya zagayo, na ɗaura ɗamara ina jiran ranar tafasa. Watan ya raba, shiru. Maimakon haka ta miƙo mini faranti cike da kayan zaƙi masu kusurwa uku, tana dariya, ta ce in kai gida. Sai da na ba kyanwar maƙwabta guda, na ga ta wayi gari lafiya, sannan na bar jikokina suka ci. Azumi ya ƙare fulawata na wurinta. Na ce alhamdu lillahi, ta gwada ni shekara ta ga ba komai. Har gaban direba na je na faɗa.

Bayan sallah, Shawwal na dab da rabawa, na shigo da safe na ji ƙarar tafasa. Ga ɗankwali, ga kwali, ga ludayina a hannunta.

Na cire abayata na ajiye, na kashe gas.

"Madam, yau za ki gaya mini. Me kika gani a abincina?"

"Hajja, ba komai, wallahi."

"Kar ki rantse mini. Bara kin yi, an ce ni mai barbaɗe ce. Mata sun daina cin tuwona a gidan biki. Ko ki faɗa, ko in fita yanzu in tara miki maƙwabta su zo su bincika kwalin nan."

Fuskarta ta yi fari. Ta leƙa taga ta ga direba na can bakin ƙofa, ta rufe kicin, ta zauna a kan kujerata ta yankan albasa.

"Mu Yahudawa ne," ta ce, da ƙyar na ji.

Na jingina da dakali. A unguwarmu wannan kalma zagi ce, kuma a lokacin talabijin ba ya nuna komai sai abin da ake yi wa Falasɗinawa.

"Ke 'yar can ce, ƙasar masu yi musu haka?"

"Ban taɓa zama can ba. Kakata a Maroko aka binne ta."

Ta nuna Bahar Maliya ta taga. Ta ce idin fitar Annabi Musa ne daga hannun Fir'auna. Mutanensa sun fito a gaggauce, ƙullinsu bai tashi ba, don haka duk shekara sai su fitar da duk abin da ke kumbura daga gida, ko ɓurɓushi kada ya rage. Kicin ɗin uwarta ma haka ake tafasa shi.

"In haka ne me ya hana ki yi cikin azumi, kamar bara?"

Ta ce su ma da wata suke lissafi, amma bayan 'yan shekaru sukan ƙara wata guda, don idi ya tsaya a lokacinsa na shekara, kada ya riƙa ja da baya kamar azuminmu. Bana an ƙara. Na tambaye ta zaman ƙasa, ta ce makokin rushe ɗakin ibadarsu ne na Ƙudus tun zamanin da. Ranar fararen kaya kuwa ta neman gafara ce. Ta fara bayanin rumfa, na ɗaga mata hannu.

"Kin nemi gafarar Allah, tawa fa? Kina kallo ana ja da ni a ƙasa."

"Ban sani ba, Hajja. Tsoro nake ji. In aka sani, ban san me zai biyo baya ba. Don Allah kar ki faɗa wa kowa." Sai hawaye.

Hawaye ba sa ruɗa ni, na ga na matan gida iri-iri. Ban yi mata alkawari ba. Na sa abayata na tafi.

A mota zuwa Khumra na juya maganar. Gaskiya ta faɗa, ko ta haɗa mini labari ne da sunan annabi don ta san zan yi laushi? Amma wace ce za ta ɗora wa kanta wannan suna a garin nan don ta kare tukunya? Kalma ɗaya zan jefa wa direba, kafin la'asar sunana ya wanku daga Abhur har Khumra. Kuma kalmar nan na iya tashin gidan gaba ɗaya. Na ci gishirinsu. Ban taɓa fitar da maganar gidan da nake wa girki ba, ko da ta mutanen da na tsana ce. Sai dai sunana ma ba na sadaka ba ne.

Da gari ya waye na biya kasuwar kifi, na zaɓi babba mai jan ido. Da na isa gidan, na tafasa tukunya da ludayi da hannuna Madam na tsaye tana kallo. Na dafa da tumatir da dankali, ba fulawa, ba shinkafa. Na juye a tire ɗaya, na fita da shi tsakar gida, na shimfiɗa tabarma daidai inda direba ke wanke mota.

"Hajja, baƙi za a yi?" ya ce.

"Kai dai buɗe idonka da kyau, ka samu abin kaiwa Khumra."

Na juya na ƙwala kira.

"Madam! Yalla, fito. Wanke hannunki, tare za mu ci."