Na Shiga Kasuwar Kurfi Hannu Rabbana

Mun tashi da asuba, ni da abokin aikina, muka yi sallah a masallacin unguwa, amma ba mu nufi tasha ba sai da gari ya waye sarai. Yanzu ba mai hawa hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi da sauran duhu.

Bari in fara da bayani saboda waɗanda ba su san ni ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tallan kayan masarufi a motar wani dila: sabulu, man shafawa, ashana, taliya. Ɗaukar katan ta taɓa mini baya, ga iyali suna ƙaruwa, sai na koma wani ƙaramin kamfani mai sayar da manhaja, wato abin da ake ɗorawa a kwamfuta ya yi aiki. Tamu aikinta haɗa makin ɗalibai da fitar da katin sakamako. An ɗauke ni gwaji na wata uku, da sharaɗin in ban samo makaranta ko ɗaya ba za a sallame ni. Ranar wannan tafiya saura kwana tara, kuma ban samo ba. Wata makarantar kuɗi a Kurfi ita ce ta rage mini.

Ni na zaɓi ranar, kuma ranar kasuwa na zaɓa. A tsohon aikina wannan doka ce: ranar kasuwa kowa yana nan, kowa da kuɗi a aljihu. Abokina mutumin birni ne, shi ya san cikin na'ura, ni na san gari, don haka bai musa mini ba.

Ƙaramar bas muka shiga. Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi, ga shi an zuba mu huɗu-huɗu a kujerar mutum uku, da buhun barkono a ƙarƙashin ƙafata, tun daga tasha nake atishawa. Damina ta yi kyau bana. Gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, matan Fulani sun jeru a gefen titi da ƙoren nono sun nufi inda muka nufa. Ramukan titin suna nan yadda na bar su, har na ga sun yi 'ya'ya. Shinge biyu muka wuce na jami'an tsaro. Ni dai idona yana kan mararrabar da muka saba tsayawa da, inda direban motar dila kan danna oda sau uku masu tireda su fito. Bas ta wuce ta ko sassautawa ba ta yi ba.

Ƙarfe takwas muna ƙofar makaranta. Mai gadi ya ce Alhaji mai makarantar yana kara, wato kasuwar dabbobi, domin ranar kasuwa ba ya leƙo nan ko kaɗan. Ya ce amma Hajiya shugabar makaranta tana ofis. Na ce a bar ta tukuna. A sanina, da mai kuɗi ake magana.

Sai mun ratsa layin 'yan tireda kafin mu kai kara. Tun daga bakinsa ƙamshin sabulu ya tare ni, na ji kamar na shiga ɗakin mahaifiyata. Ban yi taku goma ba wani dattijo, tsohon abokin cinikina, ya ɗaga murya.

"Mai sabulu! Ashe kana duniya? Ina mota?"

"Baba, na canza layi. Manhaja nake saidawa yanzu."

"To buɗe mu gani mana. Ko ta yi tsada ne kake ɓoyo?"

Na nuna masa jakar kwamfuta. Ya dube ta, ya dubi hannuwana, ya ce tun da yake bai taɓa ganina a kasuwar nan ba katan a kafaɗa ba. Ya sa aka damo mana fura da nono, ya hana mu biya. Muna sha yana ba ni labari: wanda ya gaje ni ba ya gaisuwa, daga cikin mota yake miƙo kaya, kuma dila da kansa ya ce duk ranar da na dawo kujerata tana nan. Na dubi kantarsa, na ga an jera sabulun wanka a ƙasa inda danshi yake. Kafin in ankara na miƙe na mayar da shi sama, yadda nake yi masa da. Abokina ya taɓa agogonsa. Da ƙyar na bar shagon nan.

A kara muka sami Alhaji yana cinikin bijimi. Muka jira ya gama, muka gaisa, na buɗe kwamfuta a kan benci na fara bayani daki-daki yadda aka koya mini. Rana ta haske gilashin, ba a ganin komai. Shanu suna kuka, dillalai suna rantsuwa. Alhaji ya karɓi kwamfutar ya jinjina nauyinta, ya ƙwanƙwasa bayanta kamar mai sayen tulu.

"In na biya, wannan za ka bar mini?"

"A'a, Alhaji, abin da ke ciki za mu ɗora a taku."

"To mi zan kai gida ke nan? Ina gyarana?"

Da sabulu ne, da nan take na ɗora masa guda biyu a kai an wuce wurin. Na tsaya ba abin miƙawa. Ya yi dariya, ya ce, "Malam, ni tun da na gina makarantar nan ban taɓa rubuta katin yaro ba. Wadda take rubutawa ka baro can. Abin da ta ce shi ke nan."

Muka hau babur muka koma, rana ta take. Hajiya ta amsa sallamarmu ba ta ɗago daga rubutunta ba.

"Na ga wucewarku da safe. Mai gadi ya sami gaisuwa, ni ban samu ba."

Na ba ta haƙuri, ban kawo wani uzuri ba domin ba ni da shi. Na buɗe baki zan fara talla, abokina ya take mini ƙafa. Sai na yi shiru, abin da ban taɓa yi a gaban mai saye ba. Ta jawo tarin katunan zangon da ya wuce, ta nuna mana yadda malamai suke haɗa maki da hannu, yadda kuskure ɗaya yake sa a sake kati, yadda iyaye suke zuwa da ƙorafi. Sannan ta sa yatsa a ƙasan wani kati, inda malamar aji ta rubuta layi biyu a kan halin yarinya. Ta ce nan iyayen garin nan suke fara dubawa, wanda bai iya karatu ba ya kai a karanta masa. Ta tambaya ko manhajarmu tana barin wannan fili. Ba ta bari. Na faɗa mata gaskiya. Abokina ya ce za a iya ƙarawa cikin mako guda.

Sai ta ce, "Ku gyara ku dawo. Aji ɗaya zan ba ku ku gwada. Kuma kada ku zo mini ranar kasuwa." Ta rubuta haka a takardar makaranta ta sa hannu.

Bayan azahar muka ci shinkafa da wake a bakin tasha, ga mai ga yaji, muka kamo hanya da sauran rana. Daf da mararraba muka ci karo da tsohuwar motarmu a tsaye ana sauke kaya. Direba ya gan ni ta taga ya danna oda. Na ɗaga masa hannu, ban sauke ba har muka sha kwana.

La'asar ta same ni a gida Dutsin-Ma. Na karanta wa manajanmu takardar Hajiya ta waya, ya ce ba ciniki ba ne tukuna, amma ya ƙara mini wata ɗaya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Sabulu, mai kuɗi ake sayar wa, a tsaye, a gama a rana ɗaya. Wannan kuwa sai an sami wanda zai yi aiki da shi, a zauna, a saurare shi kafin a ce komai. Na karɓi wannan, kuma ba zan koma wa dila ba. Sai dai ranar da zan koma Kurfi rumfuna za su kasance a rufe, layin 'yan tireda ba kowa. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa garin nan, ban taɓa ganinsa haka ba, kuma ban san wanda zai kira ni ba in na sauka.