Shekara Huɗu a Kujerar Malam Sodangi

A Makera aka haifi Malama Rekiya Lawal. Ta yi karatun koyarwa a Dutsin-Ma, aure ya kai ta Kurfi, inda ta shekara goma sha tara tana koyar da tajwidi a wata Islamiyya. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shugaban makarantar, Malam Sodangi, ba wanda ya naɗa ta. Makullan ofis aka aiko mata a leda, ta karɓa.

Shekara huɗu ta riƙe makarantar. Ta ɗauke karatun manya daga ranar kasuwa, ta hana bulala, ta sa kowane malami ya riƙa zama a ajin ɗan'uwansa sau ɗaya a mako yana saurare. Malaman sun yi ta gunaguni, daga baya suka saba. Ɗalibai tamanin ta tarar, suka haura ɗari uku.

Bara Malam Sodangi ya rasu. Bayan sadakar arba'in, kwamitin iyaye ya sa ranar zaɓen sabon shugaba, Malama ta ce tana nema. Tun kafuwar makarantar, a masallacin unguwa kwamitin yake zama bayan la'asar, masallacin kuwa ba shi da sashen mata. Ƙa'ida kuma mai neman kujera ya miƙe ya yi bayani da bakinsa. Ba wanda ya hana ta nema. Ba kuma wanda ya ce a sauya wurin zaman.

Ta rubuta takarda shafi biyu ta ba Alhaji Mas'ud, shugaban kwamitin. Ya ce zai gani. Zaman bai kai awa ɗaya ba. Ba a karanta takardar ba, an ce lokaci ya ƙure. Aka zaɓi Malam Zubair, wanda ta koyar tun yana ɗan shekara tara.

Da safe ya same ta a bakin aji, ya durƙusa.

"Malama, wallahi ban nema ba. Sunana aka kira na tashi."

"Na sani, Zubairu. Malamin aji uku ba zai zo Laraba ba, matarsa na asibiti. Ka nemo mai riƙe masa."

A makon, mata goma sha biyu daga cikin ɗalibanta suka je gidanta, suka ce sun daina zuwa makarantar. Ta bar su suka gama. Sannan ta ce ita dai tana nan a aji biyu, ƙarfe huɗu, ta tambaye su inda suka tsaya a hadda.