Alamar tambayar da Yaya Bulus ya hana

Shekara huɗu ke nan da muka binne yayana Bulus a unguwar Mayo Gwoi, kuma bana ce karon farko da nake tuna shi gabana na faɗuwa.

Shi ya koya mini rubuta manhajar kwamfuta, ya kuma bar mini wadda ya gina wa wani ƙaramin asibiti a nan Jalingo. A cikinta akwai ɗan umarni da ya ƙera da kansa, irin wanda muke kira darektif. Aikinsa ɗaya ne: in nas ta zaɓi maganin da jikin majinyaci ba ya ɗauka, sai sunan maganin ya koma ja. Amma ba ya aiki sai ya samu sashen manhajar da ke riƙe da tarihin majinyacin. In bai same shi ba, shafin gaba ɗaya ya tsaya cak.

Akwai dabarar hana tsayawar. Ka sa alamar tambaya gaban sunan sashen, ka ce wa umarnin ke nan in ya samu to, in bai samu ba ya wuce abinsa. Ni sarkin wayo na taɓa kawo wa Yaya wannan shawara. Ya ture kwanon gyaɗarsa ya ce, "Rifkatu, bar shi ya tsaya. In ya tsaya za su kira mu. In ya yi shiru, wa zai kira?"

Bara na sabunta manhajar, shafin ba da magani ya tsaya, layi har bakin ƙofa, mai asibiti sai kirana yake. Na sa alamar. Komai ya koma aiki, har godiya aka yi mini.

Makon jiya na gano tun daga ranar ja bai sake fitowa ba. Sashen bai taɓa zuwa ba, umarnin kuwa bai ce uffan ba, yadda na koya masa.

Da Yaya na nan ba zai yi faɗa ba, kujera zai jawo ya ce mu fito da sunayen majinyatan da abin ya shafa. Wannan halin ne ya rage mini nasa, shi na bi. Na cire alamar, na gaya wa likitan asibitin komai. Mutum shida aka ba maganin da bai kamace su ba. Biyar sun ɗaga waya, lafiyarsu lau. Ta shidan wata dattijuwa ce a unguwar Barade, kwana uku wayarta a kashe.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Gobe da safe zan je gidanta da ƙafata, kuma ban san ko gaisuwa zan yi ko ta'aziyya ba.